Ungozomar Aku

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti. Ranar da aka sallame ta da takardar yabo da agogon bango, ta dawo gida ta rasa inda za ta ajiye hannuwanta. Wata uku tana zaga gidan nan. Ta wanke labulen da bai yi datti ba, ta sake jeren tukwane, ta kafa wa mijinta dokar shan magani har sai da bawan Allah ya fara fakewa a shagon mai gyaran rediyo na bakin titi. Malam tsohon direban babbar mota ne, ya riga ta ajiye aiki da shekara shida, ya kuma ƙware a irin zaman nan da ba ya cutar da kowa. Ita ta kasa koyo.

Akwai wani mai tsuntsaye a bayan kasuwa, wanda duk 'ya'yansa uku a hannunta suka faɗo. Wata rana ta tsaya gaishe shi, ta ga aku biyu a keji suna sosa wa juna kai. Ya ce mata idan mutum ya samu mata da miji da suka shaku haka, ya ba su wuri da natsuwa, sai su yi ta ƙyanƙyasa, masu saye kuma ba sa ƙarewa. Sista ba ta ji maganar masu saye ba. Ƙyanƙyasa kawai ta ji.

Aka kwashe tsofaffin tayoyin Malam daga gareji, kafinta ya zo ya kafa keji mai tsawo. A jikin kejin ta waje ya maƙala akwatin katako mai rami ɗaya da tsuntsu ke shiga, da 'yar ƙofa ta baya da mutum zai iya leƙawa. Macen, Sista ta sa mata Maijego tun kafin ta ga ƙwai ko ɗaya. Namijin kuwa Likita ta sa masa, wai don ba ya zuwa sai an gama aiki, kuma ya fi kowa surutu.

Ƙwai na farko guda uku ne. Sista ta leƙa ta ga kashi a jikinsu, ga garin katakon da aka shimfiɗa musu ya yi duƙun-duƙun. Matar da ta taɓa korar mai goge-goge daga ɗakin haihuwa a kan ɗigon jini ɗaya a ƙafar gado, ina za ta iya kallon wannan? Ta kwaso ƙwan ta wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ta sauya shimfiɗa. Haka ta riƙa yi kullum da safe, Maijego na gurnani tana kai mata sara. A rana ta biyar Maijego ta fito daga akwati ba ta sake komawa ba.

"Mama, ba a wanke ƙwai," in ji mai tsuntsaye, yana sosa ƙeya, don ba shi da fuskar yi mata faɗa. "Ita ta san dattinta. Ku dai ku ba ta abinci, ku ja baya."

A karo na biyu ta ja baya, ba wanki, ba shara, sai leƙe sau biyu a rana. Kwana ashirin da bakwai, ɗaya daga cikin ƙwan ya huje, wani ɗan baki ya leƙo yana motsi. Sista ta ɗauko agogon da take maƙalawa a ƙirji ta fara lissafin lokaci. Awa biyu, awa huɗu, awa shida, ɓawo bai ƙara tsagewa ba. Ta tsaya a bayan akwatin tana ta cewa, "Yi nishi! Haba, yi nishi mana!" A ɗakin haihuwa, naƙudar da ta tsaya cak awa shida ba a zuba mata ido. Ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauko hantsaki ta fara ɓare ɓawon a hankali, da irin hannun da likitoci suke yaba wa. Sai jini. Ɗan tsuntsun ya fito da gwaiduwa rataye a cikinsa, ya yi motsi sau biyu a tafin hannunta, shi ke nan. Uwar ta tsorata da hayaniyar, ta tattake ɗaya ƙwan.

Wannan karon mai tsuntsaye da kansa ya zo gidan. Ya duƙa ya gaishe su, ya sha ruwa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa.

"Mama, shi ba irin na mutum ba ne. In ya huda, hutawa yake yi, ya kwana ɗaya, wani har biyu, yana shanye gwaiduwar, jijiyoyin jini suna janyewa. In aka ɓare kafin nan, to an yanka shi ne. Ni shawarata, a sa wa ƙofar nan kwaɗo, Baba ya riƙe makulli. Sannan macen nan ta jigata. In ta sake yi sau ɗaya, a cire akwatin ta huta shekara guda, in ba haka ba za a rasa ta."

Sista ta ji kalmar nan, "yanka", har cikin ƙashinta. Bayan ya tafi ta ce wa mijinta, "Malam, ka sayo kwaɗon. Kuma ka rantse min, ko kuka na yi, ko birgima na yi a ƙasa, kada ka ba ni makullin nan. In wannan ma bai yi ba, in mayar masa da tsuntsayensa, na haƙura."

"Ki haƙura ki dawo kaina ke nan," in ji Malam. "To wallahi ko don kaina zan riƙe shi da kyau."

Ya rantse, ta sa shi ya maimaita.

Wata biyu bayan nan Maijego ta sake shiga akwati. Ranar ƙarshe da aka leƙa kafin a datse kwaɗo, ƙwai biyu ne, tsakaninsu kwana uku. Daga nan Sista ta koma ma'aikaciyar abinci: ta yanka 'ya'yan itace, ta jiƙa hatsi, ta sauya ruwa, ta fita. Amma an hana hannu ne, ba a hana kunne ba. Ta tono ɗan ƙahon ƙarfen da take kafawa a cikin mai juna biyu don jin bugun zuciyar jariri. Duk sanda Maijego ta fito cin abinci, sai ta lallaɓa ta kafa ƙahon a jikin katako, ta ɗora kunne, bayanta na ciwo. Ba ta jin komai sai ƙarar jininta. Likita kuwa ya riga ya haddace darasinsa tun wancan karon. Da ya gan ta sai ya karkace kai ya ƙwala da muryarta sak, "Yi nishi!" Malam ya yi ta dariya har da tari, ita ko murmushi ba ta yi.

Ta gaji da kiwon nan tun kafin ya fara ba ta komai. Gwiwoyinta sun gaji da tsugunno, yatsunta duk tabon sara, gareji kullum ɓawon hatsi da gashin tsuntsu. Maƙwabta sun daina tambayar ina 'ya'yan aku, wanda ya fi tambayar ciwo. Abin da ya hana ta yarwa shi ne ta san abin da ke jiranta a cikin gida: labule, tukwane, da agogon bangon da aka ba ta.

Ranar wata Laraba da hantsi ta ji shi. Ƙwas, ƙwas, sannan wata siririyar tsuwa mai kaifi. Ta ɗago da sauri har ta buge kai da katako. Ta je ta gaya wa Malam, ya ce madalla, ya kuma dafe aljihunsa yana kallonta. A ranar dai ta yi abin kirki. Ta zauna a kujerar roba a bakin gareji tana tsince wake, ta saurara sau uku kacal, kuma duk sanda ta saurara muryar na nan da ƙarfinta.

Washegari da safe muryar na nan, amma ta sauya. Wanda bai san aikin ba zai ce ɗaya ne. Sista ta daɗe da kunne a kan ƙaho, idonta a kan agogo. Jiya tsuwar a jere take zuwa, ana ƙwanƙwasa ɓawo a tsakani. Yau ba ƙwanƙwasa, tsuwar kuma sai ta yi ɗaya, a jira, a jira, sannan wata. Da azahar tazarar ta ninka. Ta san wannan saukar. Ta sha jin ta ta cikin wannan ƙahon, a jikin matan da aka kawo a makare.

Ta sami Malam a falo yana gyara maɗaurin tabarau.

"Malam, ba ni makullin nan."

"Wane makulli?"

"Kada ka yi min haka. Yaron nan ya gaji, maƙalewa ya yi. Ba irin na wancan karon ba ne."

"Wancan karon ma haka kika ce, Sista."

"Wancan karon agogo na bi. Yau kunnena na bi. Don girman Allah ka ba ni."

Ya ajiye tabarau, ya kalli bango. "Ba ya wurina. Na san za a yi haka, shi ya sa na kai wa mai tsuntsaye ajiya."

Ta kira wayar mai tsuntsaye, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta tsaya a bayan akwatin da guduma a hannu, ta auna kwaɗon, ta tuna yadda Maijego ta tattake ƙwai saboda hayaniyar da ba ta kai wannan ba. Bugu ɗaya zai iya cinye duka biyun. Ta ajiye gudumar, ta yafa mayafi ta fita titi.

Tasin da ta shiga ta yi ta tsayawa tana ɗiban mutane, ga cunkoso a mahaɗar kasuwa. Sista ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, ta ratsa layin masu robobi da na masu kayan gini tana dafa bango. Ta tarar da shagon a rufe, an lulluɓe kejunan da buhu. Mai sayar da igiya na kusa ya ce ai ya yi tafiya ɗauko kaya, sai jibi. Ta zauna a kan bencinsa ta huta, ya ba ta ruwa a kofin roba, ta sha rabi. Ba ta ma da ƙarfin yin fushi.

Rana ta yi sanyi kafin ta iso gida. Ta tarar da Malam zaune a kujerarta ta bakin gareji, abin da bai taɓa yi ba. Bai tambaye ta yadda ta yi ba. Ta jira har Maijego ta fito shan ruwa, ta kafa ƙaho. Ta ji tsuwa ɗaya, can ƙasa, kamar ƙofar da iska ta taɓa. Ta ci gaba da saurare har wuyanta ya ƙage, ba ta sake jin wata ba.

Da safe tana yanka gwanda a kicin, Malam ya shigo ya tsaya a bayanta. Ya ajiye wani abu a kan tebur, ya yi 'yar ƙara. Makullin ne, da ɗan zaren da ya ɗaure shi.

"Yana aljihuna tun jiya," ya ce. "Tun ranar da na saye shi ma. Ban kai wa kowa ba."

Ta dubi makullin, ta dubi mijinta. Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba sai ta yawan sukarin da yake zubawa a shayi. Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma bai runtsa ba.

"Ka bar ni na tafi har kasuwa da gwiwar nan."

"Na ga in kina gidan zan ba ki. Kin ce ko kin yi birgima."

"Na ce."

Da za ta iya yi masa ihu da ta ji sauƙi, amma a kan me? Abin da ta sa shi ya yi, shi ya yi.

Ta jira Maijego ta fito, ta buɗe kwaɗon a hankali, ta zaro ƙwan mai huji ta mayar da ƙofa. A kan teburin kicin ta shimfiɗa tawul, ta sa tabarau, ta ɓare shi da hantsaki. Ko ɗigon jini babu. Gwaiduwa ta shige ciki tsaf, cibiya ta rufe, ɗan tsuntsu cikakke har da 'yan farata. Tantanin ciki ne ya bushe ya manne masa a fiffike da wuya kamar takarda, ya hana shi juyawa. Ɗigon ruwan ɗumi a kan auduga da minti biyar, da ya fito.

Malam na tsaye a bakin ƙofa. "Da ya rayu?"

"Da ya rayu."

Ya juya ya fita. Ranar bai je shagon mai rediyo ba, bai kuma ci abincin kirki ba. Ita ta naɗe ɗan tsuntsun a auduga ta binne shi a gindin lemon tsakar gida, ta wanke hantsakin ta shanya. Makullin kuwa ta zura shi a jikin maɗaurin agogonta na ƙirji.

Saura ƙwai ɗaya, kuma ranar Asabar da hantsi shi ma ya fara ƙwanƙwasa.

Wannan jiran ya fi duk na baya wuya, don yanzu ba wanda zai hana ta. Makulli na lilo a ƙirjinta, auduga da ruwan ɗumi a flas suna kan benci, hantsaki a dafe. Awa shida ta wuce, awa goma ta wuce. Washegari da safe ba ƙwanƙwasa, shiru kamar ba kowa a ciki. Ta miƙe, ta kama kwaɗon, har ta zura makulli. Sai ta ce bari ta ƙara saurare sau ɗaya. Ta kafa ƙaho ta rufe ido. Can sai tsuwa, ɗaya, biyu, uku a jere, mai kaifi, irin ta wanda aka tasa daga barci yana mita. Ta zare makullin ta koma kujera.

Sau uku ta yi haka a ranar. Malam ya jawo tasa kujerar ya zauna nesa kaɗan, yana riƙe da jaridar da ba ya karantawa.

"A buɗe ne?" ya tambaya da la'asar, murya ƙasa ƙasa.

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba, Malam. Zan ji."

Tana zaune sai ta tuna shekararta ta farko a asibiti, abin da ta daɗe ba ta bari ya zo mata ba. Wata yarinya mai cikin fari, bugun zuciya yana sauka a cikin ƙaho, ita kuma sabuwar ma'aikaciya an ce mata kada ta taɓa komai sai likita ya zo. Ta jira, jaririn ya fito ba rai. Daga ranar ne kunnenta ya buɗe, daga ranar ne kuma ta daina jira. Duk yabon da aka yi mata daga baya, a kan wannan jaririn aka gina shi. Ta manta cewa haka ake fara kowane aiki, kuma ga shi ta dawo farko da furfura da ciwon gwiwa. Ta ji gajiya ta sauko mata tun daga kafaɗa.

Litinin da sassafe ta shiga gareji da kwanon abinci. Ba ta ma kai ga ɗaukar ƙaho ba. Daga bakin ƙofa ana jin sa, wani kuka sabo, a fili, ba ɓawo tsakaninsa da duniya, da gurnanin Maijego ƙasa ƙasa tana ba shi abinci. Sista ta ajiye kwanon a ƙasa, ta zauna a kan benci kusa da flas ɗin da ruwansa ya huce. Wannan ce haihuwa ta farko a rayuwarta da aka yi a hannunta ba ta ga fuskar jaririn ba. Ta ɗora hannuwanta a kan cinya tana kallonsu, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Likita ya sauko kan sandarsa, ya karkace kai. "Yi nishi!"

"Ka makara, Likita," ta ce. "Kamar kullum."

Malam ya shigo da silifas ɗaya a ƙafa. Ya tsaya ya saurara, fuskarsa ta washe, sannan ta sake rufewa. Ya zauna a ɗaya gefen bencin.

"Da yanzu biyu ne," ya ce. "Da na ba ki ranar nan."

Ta kwance makullin daga jikin agogo tana juya shi a hannu.

"Da ka ba ni, da na ceci wancan," ta ce. "Sannan jiya da safe, da na ji shirun nan, da na ce ai na iya, na ɓare wannan. Abin da ya hana ni, na riga na ji yadda muryar mai mutuwa take. Wancan ne ya koya min, Malam. Ba ni da wani malami sai shi."

Malam ya sunkuyar da kai. Ta jefa makullin a aljihun rigarta, ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar.

"Tashi ka nemo ɗaya silifas ɗin," ta ce. "In ka dawo ka zuba wa lemon nan ruwa."